Yaran Kanada da aka kai makaranta, ba su dawo ba

A watan Oktoba na 1966, wani direban jirgin ƙasa a arewacin lardin Ontario na Kanada ya hango wani abu kwance a gefen layin dogo. Da aka duba, ashe gawar yaro ce ɗan shekara 12, mai suna Chanie Wenjack. 'Yar rigar sama ce marar kauri a jikinsa, a ƙasar da sanyinta ke daskarar da ruwa, kuma a aljihunsa aka sami wata 'yar kwalba da tsinken ashana kaɗan a ciki. Gudowa ya yi daga makarantar kwana ta Cecilia Jeffrey da ke garin Kenora, wadda cocin Presbyterian ke riƙe da ita, ya bi layin dogo da niyyar komawa gida. Tsakaninsa da gidan kusan kilomita 600 ne, kamar a ce yaro ya tashi daga Kano a ƙafa ya nufi Maiduguri. Yunwa da sanyi suka kashe shi tun bai yi nisa ba.

Chanie ɗan asalin ƙasar ne, daga cikin mutanen da Turawa suka tarar a can. Su ne waɗanda muka tashi muna kallo a fina-finan kaboyi muna ce musu Indiyawan daji, har muna tafi in Bature ya harbo ɗaya daga kan doki. Allah ya yafe mana ƙuruciya. A lokacin da muke wannan tafin, 'ya'yansu na kulle a irin makarantar da Chanie ya tsere wa.

Fiye da shekara ɗari aka yi ana wannan harka, gwamnati na ba da kuɗi, coci-coci na gudanarwa. Katolika ke da kusan kashi 60 cikin 100 na makarantun, sauran kuma na Angilika da Methodist da Presbyterian da cocin United. Yara kimanin 150,000 suka ratsa ta makarantu 139, kuma sai a ƙarshen shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Ba labarin kaka da kakanni ba ne. Da yawa daga cikin ɗaliban suna raye yau.

Ba a ma ɓoye manufar ba. Firayim Minista na farko, John A. Macdonald, ya faɗa wa majalisa a 1883 cewa muddin yaro na zaune da iyayensa, ko ya iya karatu da rubutu, bagidaje ne kawai da ya iya karatu da rubutu, don haka dole a raba su. Sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1920 aka gyara doka, zuwa makaranta ya zama tilas ga yaro daga shekara 7 zuwa 15, uban da ya ɓoye ɗansa kuwa yana iya shan ɗauri. 'Yan sanda da jami'in gwamnati da limamin coci ke zuwa ƙauye su kwashe yara, wasu a mota, wasu a kwale-kwale, wasu a jirgin sama.

Ranar farko ake fara aikin. A aske wa yaro dogon gashin da a al'adarsu yake da daraja, a tuɓe masa kayan gida, a canza masa suna ko a ba shi lamba. A raba wa da ƙanwa, su riƙa hangen juna daga nesa ba damar gaisawa. Wanda aka ji yana yarensu ya sha bulala. Wata mata mai suna Phyllis Webstad ta ba da labarin yadda kakarta, duk da talauci, ta saya mata sabuwar riga mai ruwan goro don ranar shiga makaranta a 1973, tana 'yar shekara 6. Tana isa makarantar St. Joseph aka cire mata ita, ba ta ƙara ganinta ba. Wannan rigar ce dalilin da ya sa mutanen Kanada ke sa riga mai ruwan goro kowace ranar 30 ga Satumba.

Karatun ma na jeka-na-yi-ka ne. Rabin yini a aji, rabi a gona ko ɗakin wanki, saboda kuɗin da gwamnati ke bayarwa kan kowane yaro ba ya isa, sai gumin yaran ya cike gibin. Abinci kaɗan, ɗakunan kwana cunkushe, tarin fuka na yawo. Tun 1907 likitan gwamnati Peter Bryce ya rubuta rahoto cewa a makarantun da ya bincika a yammacin ƙasar, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu ya mutu. Aka yi biris da shawarwarinsa, daga baya ma aka tura shi ritaya. Wannan batu na Bryce shi ne amsar masu cewa ai zamanin ne haka, ba a sani ba. An sani sarai, an rubuta, an ajiye a ofis. Tsakanin 1948 da 1952 kuma aka yi gwaje-gwajen abinci kan yara kusan 1,000 a makarantu shida, ana kallon yadda yunwa ke aiki a jikinsu maimakon a ƙosar da su. Ga kuma lalata da yara, wadda sai a 1990, da wani shugaban 'yan asalin ƙasar, Phil Fontaine, ya fito fili ya ce shi ma an yi masa, sannan bakin mutane ya buɗe.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka dawo gida da rai.

Ki duba, ke uwa mai karanta wannan shafi. An ɗauke miki yaro yana shekara 6, an dawo miki da shi yana 16. Ba ya jin yarenki, ke kuma ba kya jin nasa. An shafe shekara goma ana gaya masa addininku na shaiɗan ne, abincinku ƙazanta, kakarsa jahila. Bai iya farauta ko su irin na ubansa ba, a birni kuma Bature ba zai ɗauke shi aiki ba. Ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Sannan ya yi aure ya haihu. A ina zai koyi riƙon ɗa? Reno ba a allo ake koyonsa ba. Yaro na koyonsa ne a bayan uwa, a cinyar kaka, a yadda uba ke tsawatarwa da safe ya kuma jawo shi jiki da yamma. Wanda ya tashi a layi, ƙararrawa ta tashe shi, bulala ta kwantar da shi, abin da ya sani ke nan, kuma shi zai bai wa ɗansa. Tsofaffin ɗalibai da dama sun shaida wa wata hukumar bincike cewa ba su iya rungumar 'ya'yansu ba, don su ma ba wanda ya taɓa rungumar su. Wasu suka faɗa giya don su manta. Da gidajen suka lalace, sai gwamnatin da ta lalata su ta dawo ta ce iyayen ba su iya tarbiyya ba, ta sake kwashe jikokin ta miƙa wa Turawa riƙo, musamman daga shekarun 1960.

Ƙidayar 2021 ta nuna inda aka kwana. 'Ya'yan 'yan asalin ƙasa ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran Kanada 'yan ƙasa da shekara 15 ba, amma su ne sama da rabin yaran da hukuma ta karɓe daga iyayensu ta bayar riƙo. Manyansu kuwa, da suke kashi 5 cikin 100 na jama'a, sun kusa kashi ɗaya cikin uku na fursunonin gidajen yarin tarayya. An rufe makarantun, aikinsu bai tsaya ba.

An nemi gafara, ba laifi. Cocin United da na Angilika da na Presbyterian sun yi tasu tun kafin shekarar 2000. Firayim Minista Stephen Harper ya yi ta gwamnati a majalisa ranar 11 ga Yunin 2008. An biya diyya: dalar Kanada 10,000 kan shekarar farko da mutum ya yi a makarantar, 3,000 kan kowace shekara bayanta. Hukumar Gaskiya da Sulhu ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair ta saurari mutum sama da 6,000, ta ƙirga yara fiye da 3,200 da suka mutu, ta kira abin kisan kiyashin al'ada, ta kuma bar shawarwari 94 a 2015. Fafaroma Francis bai taka ƙasar don neman afuwa ba sai a Yulin 2022, bayan hayaniyar da ta tashi a 2021 lokacin da na'urar hangen ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamu kimanin 200 da ake zaton kaburbura ne a tsohuwar makarantar Kamloops. Ba a tone wurin ba, kuma masu musu sun fake da wannan suna cewa duk ƙarya ce. Amma mutuwar dubban yaran nan a takardun gwamnati da na coci take rubuce, tun kafin a kai na'urar wurin.

Inda na ga an gaza shi ne wurin kuɗi. Ƙungiyoyin Katolika sun yi alkawarin ƙoƙarin tara dala miliyan 25 don warkar da waɗanda aka cuta. Abin da suka tara bai kai miliyan 4 ba. Baki ya yi tuba, aljihu ya ƙi.

Na san akwai mai karatun da zai ji daɗi don coci ce ta yi. Ya dakata. Laifi tudu ne. Ban ce abin da ke faruwa a wurinmu daidai yake da na Kanada ba, don a can hukuma ce ta shirya shafe al'umma sukutum da doka. Amma ni kaina an ci ni tara a makarantar kwana don na yi Hausa a aji, kuma a 2019 'yan sanda sun fito da mutane ɗaruruwa, har da yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan gyaran hali a Rigasa ta Kaduna, wanda iyaye da kansu suka kai su da sunan tarbiyya. Rigar addini ba ta hana mutum zalunci idan an ba shi yaro an rufe ƙofa, ba mai leƙawa.

Saboda haka in kana da ɗa a hannun wani, ko makarantar kwana ce ko tsangaya ko gidan riƙo, kada ka jira hutu. Ka je ba tare da sanarwa ba, ka ja shi gefe inda malami ba ya ji, ka duba bayansa, ka tambaye shi abin da ya ci jiya da dare.