Mai Gini A Kafanchan, Fara Lissafi Daga Rufi

Duk wanda ya je gida Kirsimeti ko Salla, ya zaga Takau ko Aduwan ko hanyar Kagoro, ya ga abin da nake nufi. Kangaye ne birjik, an kai su linta an tsaya, ciyawa ta fi mutum tsawo a cikin falo. Ka tambaya na wane ne, sai a ce maka ai mai shi yana Ikko, ko Badun, ko Fatakwal. Wato namu ne, mu 'yan ci-rani.

Mutane sukan ɗora laifin a kan ɗan'uwan da aka bar wa tsaron aiki, wai ya ci kuɗin. Akwai wannan, ban musa ba. Amma ni a ganina babbar cutar ita ce mukan fara lissafi daga ƙasa. Mutum ya kwashi adashi, zuciya ta ɗebe shi, ya sa a haƙa harsashin ɗaki shida da falo biyu don mutanen unguwa su san ya yi arziki a Kurmi. Bulo ba shi da wuyar saye, ɗari yau, ɗari gobe, bango yana ta tashi. Rufi kuwa ba ya yarda da haka. Katako da kwano da ƙusa da ladan kafinta, duk a lokaci ɗaya ake biɗarsu. A nan ne akan ji shiru.

To, Kafanchan ba Katsina ba ce. Ruwa yakan sauka tun Afrilu, bai ɗaukewa sai Oktoba, ga shi kamar da bakin ƙwarya. Bangon da ya sha damina uku ba rufi, balle in mai buga bulon ya yi wa siminti rowa, sai ka murza shi da yatsa ya zube. Ka biya sau biyu ke nan.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin a sa diga a ƙasa, kira kafinta ya faɗa maka bandir nawa na kwano zai rufe abin da kake so. In kwasarka ɗaya ba za ta iya ba, rage ginin. Ciki da falo da makewayi, a rufe, a sa ƙofa, ya fi ɗaki shida a sararin Allah. Ko ɗan haya ka zuba, ma'aikacin asibiti ko ɗalibin kwalejin Gidan Waya, kuɗinsa ya buga maka bulon gaba, kuma ga mai gadi kyauta.

Kada kuma ka ajiye takardar naira kana jiran ta cika. A 2023 ana sayen buhun siminti wajen naira 5,000, farkon 2024 ya haye 10,000 a wurare da dama. Kuɗi na shigowa, mai da su kwano da rodi, ka kulle a ɗakin da ka amince da shi. Siminti kaɗai ba a yi masa haka, don wata uku ya ishe shi daskarewa a wannan laima. Roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo a Nuwamba, ka sami rani gaba ɗaya.

Wani zai ce a nemi rance. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi, ya fi dacewa da mai albashi. Mai sayar da goro a Agege ko mai tura shanu a Oko-Oba da wuya ya cika sharuɗɗan. Kuma ko mai albashin, sai ya nuna takardar mallaka. Tun dokar ƙasa ta 1978 fili yana hannun gwamna, takardar ciniki da dagaci ya sa wa hannu shaida ce kawai, banki bai karɓarta jingina. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ke ba da ta ainihi. Sa kuɗin safiyo da nata cikin lissafi tun farko, ka kuma tabbata duk magadan filin sun sa hannu, har da wanda yake Abuja bai zo ranar ciniki ba.