Idan Ciwo Ya Zo Ana Tsakiyar Jarrabawa

Yau ba maganar zazzaɓin yara ko abincin mai jego zan yi miki ba, duk da cewa a asibiti maganar ta same ni.

Kwanakin baya ina aikin safe wata baiwar Allah ta tare ni a baranda, ta riƙo hannuna ta ce, "Sista, don Allah taimako za ki yi mini." 'Yarta tana aji biyu a wata jami'a. Ana tsakiyar jarrabawa zazzaɓi ya kayar da ita, har kwasa-kwasai uku suka wuce ba ta rubuta ba. A gida aka yi jinya, mai kemis na unguwa ya yi mata allurai da ƙarin ruwa, ta warke sarai. Sai da sakamako ya fito aka ga an rubuta mata faɗuwa a duka ukun. Abin da uwar ke so shi ne a ba ta takardar asibiti mai kwanan watan baya, wadda za ta nuna an kwantar da yarinyar a wurinmu.

Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri. Likita ne ke rubuta wannan takarda, kuma daga fayil yake rubuta ta. 'Yarki ba ta da ko kati a nan." Na ƙara mata da abin da ya fi wannan: takardar bogi idan aka gano ta, maganar ta tashi daga maimaita kwas ta koma maganar kora. Ta zauna a benci tana share hawaye da gefen mayafi. Ni ma ranar ban ji daɗin aikin ba, don matar nan ba sakaci ta yi ba. Ta ga 'yarta na rawar sanyi ta ce kwanta, jarrabawa ba ta kai rai ba. Wace uwa ce ba za ta faɗi haka ba? Abin da ba ta sani ba kawai, jami'a ba ta san ciwon da ba a rubuta mata a takarda ba.

Mu da ke wannan ɓangare na Batagarawa maganar ta shafe mu ƙwarai. Ki bi hanyar Dutsin-ma da safe ki ga yadda motoci da Keke Napep ke cika da ɗalibai: ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wadda aka kafa a 2006 da sunan Jami'ar Jihar Katsina kafin a sauya mata suna a 2009, ga Alƙalam, ga Kwalejin Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Da yawan yaran nan, musamman mata, a gida suke kwana, wasu ma a ɗakunan mazajensu. Ke nan ranar da ciwo ya zo, ke ce ke yanke hukuncin ta fita ko ta kwanta. Shi ya sa nake ganin dole mu ma mu san dokokin, ko da ba mu taɓa zama a ajin jami'a ba.

Farkon abin da ke ruɗa iyaye shi ne rajista. Babansu ya biya kuɗi ta Remita, an kawo rasit, kowa ya ce alhamdu lillahi an gama. Ba a gama ba. Biyan kuɗi daban, rajistar kwasa-kwasai daban. Sai yarinya ta shiga shafin makarantar na intanet ta zaɓi kowane kwas da sunansa da lambarsa, ta buga takardar, ta kai wa malamin da ke kula da ajinsu ya sa hannu. Kwas ɗin da ba a yi masa rajista ba, ko ta rubuta shi ta ci maki 90, ba shi da gurbi a sakamakonta. Wanda kuma aka yi wa rajista bisa kuskure, ta ƙi cire shi a 'yan makonnin da ake bayarwa na ƙari da ragi, yana nan a wuyanta, ranar sakamako zai fito da sifili. Sau da yawa a shagon intanet ake tafka wannan kuskure, yaron shago na sauri ga layi a bayansa. Ki ce ta kawo takardar gida ku duba tare. Ko ba ki jin Turanci, sa ta ta karanta miki ɗaya bayan ɗaya ya isa ta ga inda aka yi tuntuɓe.

Sai halartar aji. A galibin jami'o'in ƙasar nan sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin ya cancanci zama jarrabawa, kuma maki 30 ko 40 cikin ɗari tun kafin jarrabawar ake tara su, daga tes da aikin gida. Duk ranar da kika ce ta zauna ta taya ki aikin suna ko ta raka ki biki Funtuwa, daga wannan asusun kika cira. Ban ce kada a yi zumunci ba, ni ma uwa ce mai neman hannu a gida. Na dai ce a riƙa lissafi.

Ranar jarrabawa ba sai na tsawaita ba. Katin shaida da katin jarrabawa su kwana a jaka. Ta fita da wuri, don a yawancin wurare wanda ya makara da rabin awa ba ya shiga. Waya kuwa ta bar ta a waje gaba ɗaya, domin samun ta a jiki cikin zauren, ko a kashe take, ana lissafa shi cikin satar amsa. Hijabi mai aljihu ya sha jefa yara a wannan rami ba da niyya ba.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya da kyau. Wadda ta yi rajista ba ta zo jarrabawa ba, kuma ba ta da uzurin da makaranta ta amince da shi, hukuncinta ɗaya da wadda ta zauna ta faɗi. Bari in nuna miki da lissafi. A ma'aunin maki biyar da ake amfani da shi, A biyar ce, B huɗu, har zuwa F da take sifili. A ce yarinya ta ɗauki nauyin darasi 18 a zango, ta rubuta rabi ta ci B a duka, rabin kuma ciwo ya hana ta. Idan an karɓi uzurinta, da 9 ɗin da ta rubuta za a yi lissafi, matsakaicin makinta 4 ne, sauran ta rubuta su a karo na gaba kamar ba a taɓa yi ba. Idan babu uzuri, da 18 za a raba, ta dawo 2. Kuma wannan sifilin yana bin ta har ranar da za a yanke darajar digirinta, ko da ta sake kwas ɗin ta ci A.

To me ake yi? A ranar da ciwon ya fara, ba bayan an warke ba, a kai ta asibitin makaranta idan tana iya tafiya. Idan abin ya fi ƙarfin haka aka wuce babban asibiti, a yanki kati, a ga likita, a adana duk takardar gwaji da ta sallama. A ranar kuma wani ya sanar da malamin ajinsu, sannan a bi da wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, a haɗa da rahoton likita, wanda galibi sai asibitin makarantar ya tantance shi. A yi hoton komai kafin a miƙa, a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafinku. Kwanakin da aka ba da na kai uzuri ƙididdigaggu ne, suna cikin littafin dokokin da ake ba ɗalibai a shekarar farko, wanda na san a gidaje da yawa yana ƙasan akwati ko an naɗe ƙosai da shi. Ki sa ta nemo shi yau.

Akwai kuma abin da ba ya zuwa ba zato. Mai ciki ta san watan haihuwarta tun daga awon farko, mu muke rubuta mata a kati. Idan ya faɗo a kan jarrabawa, tun farkon zango ya kamata ta je ta yi shawara da sashenta, ko ta nemi izinin jingine karatu na zango ɗaya ko shekara. Na ga masu ƙarfin hali da suka tashi daga gadon haihuwa da kwana uku suka tafi zauren jarrabawa, na kuma ga wadda aka dawo mana da ita tana zubar da jini. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ba na yaba wannan jarumtaka, balle ga wadda aka yi wa aiki. Haka wadda Allah ya jarrabta da rasuwar miji: takaba wata huɗu da kwana goma ce, ta cinye zango guda cur. Cikin ruɗanin zaman makoki ba mai tuna makaranta, sai ke. Ki sa yayanta ko ƙanenta ya kai wasiƙa. Jingine karatu da izini hakkin ɗalibi ne, amma sai an nema a rubuce an kuma sami amsa a rubuce. Wadda ta ɓace kawai, bayan wani lokaci ana ɗauka ita ta janye kanta, ga shi kuma shekarun gama digiri suna da iyaka: karatun shekara huɗu ba a bari ya wuce shida.

Hajiyar nan ta sake zuwa makon jiya, ta kawo jikanta rigakafi. Ta ce yarinyar ta sake rajistar kwasa-kwasan uku, za ta rubuta su tare da 'yan ajin da ke bayanta, kuma da alama sai ta ƙara zango kafin ta gama. Ta ciro wayarta ta nuna mini lambar malamin ajin da ta sa aka adana mata, a ƙarƙashin ta mai kemis.