Lasifika mai caji: a ɗakin wa take kwana?

Duk wanda ya ratsa Gabi bayan sallar isha'i zai ji ta: lasifikar nan mai caji da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, ko a soka mata memori. A da, mai son sauti sai ya sayi ampli daban, lasifikoki daban, ya ja wayoyi. Yanzu an cusa amplin cikin akwatin, an ƙara masa batir, an yi masa hannu kamar jaka. Daga kasuwar Maraɗi ko ta Jibiya sai tsakar gida.

Ba na cikin masu tsine mata. A wurin da wuta ba ta da tabbas, abin da ƙaramin faifan sola zai cika masa batir ya fi ampli mai jiran NIGELEC. Mun ga haka a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana lantarki. Tsoho ya saurari Shata, uwar gida ta sa karatun Alƙur'ani tana aiki. Ni ma ina shiga aji da wata ƙarama, don yara su ji Faransanci daga bakin da ba nawa ba.

Sai dai akwati ɗaya ne: in amplin ya ƙone, duka ya mutu, kuma ba kullum mai gyara yake samun kayansa ba. Zafin Afrilu ma yana kumbura batir in an bar ta a rana.

Wannan asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Kunne ba a mayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80, yaro kuwa 75. Manyan lasifikokin nan don filin biki aka yi su, mu kuma muna ƙure su a ɗaki mai rufin kwano, jariri na kwance a gefe. Ampli na da yana ɗakin maigida, ba mai taɓa shi sai da izini. Wannan kuwa ɗan shekara 12 yana ɗauka da hannu ɗaya, Hamisu Breaker ya kwana yana waƙa, yayarsa mai shirin BEPC tana toshe kunne a kan littafi. Da safe mu malamai ne muke karɓar masu gyangyaɗi.

Iyaye, in za ku saya, ku sayi ƙarama, ta kwana a ɗakinku. In har sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa, a rage. Daga magariba zuwa lokacin da yara suka rufe littafi kuma, a bar ta a wurin caji.