SHARHI: Sauyin yanayi da asibitocinmu: Neman sawun muhawara a kundin Majalisar Tarayya

Duk wanda ya taɓa kwana a Karmo a watan Maris ba ya buƙatar wani masani ya fassara masa ma'anar ɗumamar yanayi. Kwanon rufi kan yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da zafin a kan masu ɗaki, ga wuta ta ɗauke, ga mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka. Idan damina ta kankama kuma, kwatoci su cika su tumbatsa, ruwan sama ya gauraya da ƙazanta, layin masu zazzaɓi da gudawa ya miƙe a ƙofar ƙananan asibitoci da shagunan magani. A cikin masu bin wannan layi akwai masinjoji da direbobi da akawu da masu gadi, waɗanda da gari ya waye za su kama hanyar Life Camp zuwa sakatariyar tarayya, wasunsu ma zuwa harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa.

Shin wakilan da ke zama a wannan majalisa, sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, sun tattauna yadda sauyin yanayi ke ƙara wa asibitocinmu nauyi? Idan sun tattauna, yaushe, wa ya ce me, kuma me aka yanke? Ana neman amsar irin wannan tambaya ne a rubutaccen kundin majalisa. Wanda ya shiga neman zai gano cewa maganar tana nan, sai dai a warwatse take, ƙarƙashin sunaye daban-daban, a hannun kwamitoci daban-daban. Wannan warwatsuwa kuwa tana da tasiri kai tsaye a kan abin da mara lafiya zai tarar idan ya isa asibiti.

Takardu uku, aiki uku

Mai bincike zai fara da bambance takardun majalisa, domin kowace da abin da take ɗauke da shi. Ta farko ita ce takardar jerin ayyukan rana, wadda ke nuna ƙudirorin da aka tsara gabatarwa. Ita niyya take nunawa, domin ba duk abin da aka jera ake kaiwa gare shi ba. Ta biyu ita ce taƙaitaccen bayanin zama da matsayar da aka ɗauka, wanda zauren ke amincewa da shi a zama na gaba. A nan ake ganin wanda ya gabatar da ƙudiri, da buƙatun da aka amince da su, da kwamitin da aka miƙa wa. Ta uku ita ce Hansad, cikakken rahoton kalaman da kowane ɗan majalisa ya furta a zaure. Sunan ya samo asali ne daga Thomas Curson Hansard, wani mai ɗab'i a Landan da ya riƙa buga muhawarar majalisar Birtaniya a farkon ƙarni na 19.

A Birtaniya, mutum na iya zama a ɗakinsa ya rubuta kalma biyu a shafin majalisa na intanet, ya ga duk inda aka ambace su cikin muhawarar da ta kai shekara 200. A Nijeriya, mai bincike yakan haɗa hanyoyi ne: shafin majalisar, da Cibiyar Nazarin Dokoki da Dimokuraɗiyya ta Ƙasa, NILDS, da ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su PLAC da ke bin sawun ƙudirori, da rahotannin jaridu. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar mai neman takarda. Wani muhimmin abin lura shi ne, aiki mafi nauyi ba a zaure ake yin sa ba. A kwamitoci ake kare kasafin kuɗi, a can ake sauraron ra'ayin jama'a, a can ake titsiye shugabannin hukumomi. Wanda ya tsaya ga Hansad kaɗai ya ga rabin labari ne.

Cuta ɗaya, suna goma

Kuskure na farko shi ne neman jimlar "sauyin yanayi da lafiya" a dunƙule. Ɗan majalisa ba kasafai yake miƙewa da wannan suna ba. Yakan miƙe ne da sunan masifar da ta auka wa mazaɓarsa.

Zai yi magana a kan ambaliya, kamar ta 2012 da ta raba mutum sama da miliyan biyu da muhallansu, ko ta 2022 da ta kashe fiye da mutum 600. Zai yi magana a kan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumbar 2024, lokacin da ruwa ya mamaye Maiduguri har ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wato wurin da za a kai waɗanda suka jikkata shi ma ya zama abin ceto. Zai yi magana a kan Mokwa ta Jihar Neja, inda ambaliyar ƙarshen watan Mayun 2025 ta hallaka mutum sama da 150. Wani zai kawo batun kwalara, wadda a 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ce ana zargin ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe fiye da 3,000. Wani zai kawo sanƙarau, cutar da ke tashi lokacin zafi da ƙura, wadda ta sa Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi ta Men5CV a 2024. Wani kuma kukansa kuɗin wutar lantarki na asibitocin koyarwa ne, bayan ƙarin farashin da aka yi wa masu rukunin farko a watan Afrilun 2024.

Ba kowace ambaliya ko annoba za a ɗora wa sauyin yanayi ba. Madatsar da ba a gyara ba, da gini a kan hanyar ruwa, da rashin tsaftataccen ruwan sha, duk laifin mutum ne. Amma yanayi shi ne ke ninka ɓarnar: ruwan sama mai yawa cikin ɗan lokaci, da zafi mai tsawo, suna samun tsari mai rauni su ƙarasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa tsakanin 2030 da 2050, sauyin yanayi zai riƙa jawo ƙarin mutuwar kimanin mutum 250,000 a kowace shekara ta hanyar tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. Ƙasar da ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya ba za ta ce wannan lissafi bai shafe ta ba.

Saboda haka, mai bincike sai ya nemi kowace kalma daban, sannan ya ɗinke su da kansa. Idan kuwa sai mai bincike ne zai ɗinke, alama ce ta cewa zauren bai ɗinke ba.

Dokoki biyu da ba sa gaisawa

Hujja mafi ƙarfi tana cikin dokokin da majalisar ta zartar. A watan Nuwamban 2021, jim kaɗan bayan taron sauyin yanayi na Glasgow inda Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ya sanya hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda Honarabul Sam Onuigbo na Jihar Abiya ya ɗauki nauyi. Dokar ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi ƙarƙashin jagorancin Shugaban Ƙasa. A jerin ministocin da ta zayyana a matsayin mambobi akwai na muhalli, man fetur, kuɗi, shari'a, noma, lantarki, sufuri, albarkatun ruwa da harkokin mata. Babu Ministan Lafiya. Ma'aikatar da ke karɓar gawa da majinyaci a ƙarshen kowace masifar yanayi ba ta samu kujera da sunanta ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar ta raba kuɗin dalla-dalla: kashi 50 ga inshorar lafiya, 20 ga magunguna da alluran rigakafi, 15 ga gine-gine da kayan aiki da sufuri, 10 ga ma'aikata, 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi. An tsara wannan rabo ne bisa nauyin yau da kullum, ba bisa asibitin da ruwa zai ci ko firjin rigakafin da zai mutu a tsakiyar bazara ba. Galibin alluran rigakafin yara kuwa dole a adana su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, in ba haka ba su lalace.

Duniya ta riga ta fara haɗa batutuwan biyu. A taron Dubai na watan Disamban 2023 aka fara keɓe rana guda domin lafiya, ƙasashe sama da 120 suka amince da sanarwa kan yanayi da lafiya. Amma sanarwar ƙasa da ƙasa ba ta sayen man janareta. A Abuja aka yi alƙawarin 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kuma har yau kasafin tarayya bai kai can ba.

Me ya sa abin ya fi shafar Karmo

Mutumin Kano ko Katsina yana da majalisar dokokin jiha da zai kai wa kuka. Mazaunin Karmo ba shi da ita. Sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Tarayya ikon yi wa Babban Birnin Tarayya doka, kuma ita ce ke amincewa da kasafinsa. Duk faɗin Abuja sanata ɗaya gare ta da 'yan Majalisar Wakilai biyu, Karmo kuma na cikin mazaɓar da ta haɗa Ƙaramar Hukumar Birni, AMAC, da Bwari. Ke nan idan ana son sanin ko an taɓa tambayar nawa aka ware domin magudanan ruwa, ko ruwan famfo, ko lantarki mai amfani da hasken rana a cibiyoyin lafiya na Karmo da Gwagwa da Dei-Dei, babban kundin da za a buɗe shi ne na Majalisar Tarayya.

Akwai kuma batun harshe. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin majalisa da Ingilishi, da kuma Hausa, Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Sama da shekara 25 bayan haka, da Ingilishi ake muhawara, da shi ake rubuta ta. Mai sayar da gwanjo a kasuwar Karmo da ke son sanin abin da wakilinsa ya faɗa a kan kwalara sai ya nemi tafinta.

Bayan an buga guduma

Wanda ya saba karanta ƙudirorin gaggawa ya san salonsu. A yi shiru na minti ɗaya domin mamata, a buƙaci Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta kai kayan tallafi, a umarci kwamiti ya bincika ya kawo rahoto cikin mako huɗu. Irin wannan matsaya ba doka ba ce, ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa komai. Yawancin ƙuri'u kuma da murya ake kaɗa su, don haka kundin ba ya nuna wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi.

Ainihin ƙarfin majalisa yana wurare biyu: ikon kasafi, da ikon bincike da sashe na 88 da na 89 suka ba ta. Don haka binciken da ya tsaya a ranar muhawara bai kammala ba. Sai an bi sawu an ga ko rahoton ya dawo zaure, ko an amince da shi, ko ya zama layi a kasafin shekara mai zuwa, ko kuma an saki kuɗin. A wannan tazara ce, tsakanin guduma da baitulmali, yawancin alƙawura ke ɓacewa.

Aikin hadimai da ma'aikata

Gyaran ba duka ne yake jiran sabuwar doka ba, kuma da yawansa yana hannun masu karanta wannan shafi. Hadimin da ke rubuta wa maigidansa ƙudiri a kan ambaliya zai iya ƙara buƙata guda: ma'aikatar lafiya ta kawo jerin cibiyoyin da ruwa ya lalata da kuɗin gyaransu. Zai iya duba kundin baya ya ambaci ranar da aka taɓa yanke irin wannan matsaya, ya tambayi inda aka kwana. Akawun kwamiti zai iya ba da shawarar zaman haɗin gwiwa tsakanin kwamitocin lafiya da na muhalli da na Babban Birnin Tarayya. Jami'in tsare-tsare a ma'aikata zai iya kafa hujjar kasafinsa da hasashen da Hukumar Kula da Yanayi, NiMet, da Hukumar Kula da Koguna, NIHSA, ke fitarwa a kowace shekara, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Abubuwa biyu ne sai 'yan majalisar da kansu. Na farko, gyaran Dokar Sauyin Yanayi domin bai wa Ministan Lafiya kujera. Na biyu, tabbatar da cewa Hansad da rahotannin kwamitoci suna fita a kan lokaci, a tsarin da kwamfuta za ta iya lalubo kalma a cikinsu, tare da taƙaitawa da manyan harsunan ƙasa.

Zafin Maris zai dawo, damina ma za ta dawo, kuma wani ɗan majalisa zai sake miƙewa da ƙudirin gaggawa. Ranar da ya miƙe, ya kamata a samu wanda zai buɗe kundi ya karanta masa abin da zauren ya yanke bara, ya tambayi nawa aka kashe, kuma a wane asibiti. Mazauna Karmo ba su da wani zauren da za a yi musu wannan tambaya sai wannan.