Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Matasa Da Wasanni Na Jihar Kano



Ranka ya daɗe, ba kuɗin biki na zo roƙo ba, ba kuma kujerar zuwa gasa ba. Fili nake nema wa 'yan ƙwallon zari-ruga, mai ciyawa wadda ake ba ruwa. Bari in ɗan fayyace wasan tukuna, don dalilin roƙon a cikin dokokinsa yake, kuma da yawa daga cikinmu kallon dambe da ƙwallo suke yi masa.

Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Ana rungumar ƙwallo a ruga da ita, ana iya bugunta gaba da ƙafa, amma da hannu ba a miƙa ta sai baya ko gefe. Daga wannan dokar sauran suka fito. Tunda ba a jefa ta gaba, sai mutum ya kai ta da jikinsa, kuma da jiki za a tare shi. Wanda ya dangwala ta bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5, sannan a ba su bugu ta saman sandar da ke tsakanin turaku biyu, in ta haye a ƙara 2. Bugun hukunci maki 3 ne. In ƙwallo ta kuɓuce wa wani ta faɗi gaba, 'yan gaba takwas-takwas su sunkuya su haɗa kafaɗu, a cusa ta tsakaninsu, a yi turereniya.

Kusan duk wannan a ƙasa yake ƙarewa. Mai tarewa yakan rungumi ƙugu ko cinyar mai ƙwallo ya kai shi ƙasa, shi kuma dole ya sake ta nan take. Kama wuya ko kai laifi ne da kan jawo kati. Ke nan faɗuwa darasi ce da ake koyarwa, ana maimaita ta har jiki ya saba. To a ina? A fegi ko filin makaranta da hunturu ya busar har ya koma kamar daɓe? Yaro ya tashi gwiwa a saluɓe, tsakuwa a gwiwar hannu, ya je gida mahaifiyarsa ta ce ba inda zai koma, kuma tana da gaskiya. Mai horarwa mai hankali sai ya haƙura da tarewa, a tsaya a wasan taɓa-ka-miƙa. Yana da kyau ga ƙanana, amma wanda bai koyi faɗuwa ba ranar gasa zai koye ta, a hannun wanda bai san shi ba. Bugun kai ya fi wannan muni. Ƙa'idar hukumar World Rugby ita ce duk wanda aka zargi kansa ya bugu a fitar da shi, ba ya komawa wasa ran nan.

Masu wannan wasa a nan 'yan sa-kai ne, ba mai albashi: ɗalibai, teloli, masu adaidaita sahu. Da karo-karo ake sayen ƙwallo da kuɗin mota. Duk da haka Kano ta fitar da ƙungiyar Barewa, wadda masu bin wasan a Nijeriya suka san sunanta. Abin da ya fi burge ni shi ne ba jikin da ake korewa. Ƙaton da aka hana riga a tamaula shi ake nema a turereniya, dogo shi ake ɗagawa sama ya cafe in an jefo daga gefe, siriri mai gudu yana can bakin layi yana jiran rabonsa. Ɗan kokawa kuwa da rabin karatun ya zo.

Kada a ce wasan Turawa ne. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin duniya sau huɗu, a 1995, 2007, 2019 da 2023. Nau'in 'yan bakwai-bakwai, mai minti 7 kowane rabi, ya shiga Olamfik a 2016, kuma Fiji, wadda mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, ita ta ci zinaren maza. A shekarar ce Kenya ta lashe gasar Singafo. Mutum bakwai, ranka ya daɗe, ko unguwa ɗaya ta fitar da su.

Ba sai an gina sabon abu ba. Filin zari-ruga bai wuce mita 100 a tsawo da 70 a faɗi ba, ban da wurin dangwalawa, don haka filin ƙwallon ƙafa ya wadatar. Turakun mita 5.6 ne tsakaninsu, sandar tana mita 3 daga ƙasa, aikin da mai walda zai gama cikin 'yan kwanaki, a riƙa kafawa ana cirewa. A ware yamma biyu a mako a ɗaya daga filayen gwamnati masu ciyawa, a rubuta a takarda da hatimi, yadda mai gadi ba zai ce bai san da zancen ba. In da hali, a haɗa masu horarwa da wanda zai koya musu taimakon gaggawa da gane alamun bugun kai, kafin damina ta ɗauke ƙasa ta sake tauri.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
wani mai bin zari-ruga a Kano