Ruwan Alau da Littafin Bashina

 Kun ji ni shiru kwana biyu a wannan fili, har wasu sun yi cigiya. Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi, sai dai abin da ya samu garinmu Maiduguri.

Ina Njamaina ina karɓar kuɗin yadi da atamfar da na raba wa masu shaguna, sai ga waya da asubahin Talata, 10 ga Satumba 2024, wai madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Mu da muka ga ambaliyar 1994 mun ɗauka irinta ce, ashe wannan ta fi ƙarfin tunaninmu. Ruwa ya ci Gwange, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, har gidan namun daji bai tsira ba, ana ta gargaɗin jama'a su kula da kadoji da macizai. Kwana biyu cur wayar uwargida ba ta shiga, ni kuwa ina ƙasar wasu ina ta danna lamba ɗaya, abinci ma ya ƙi ciwuwa.

Sai bayan sati biyu na samu hanya, na biyo ta Kusiri da Fotokol, na tsallako Gamborun Ngala, na wuce Dikwa da Mafa. Gani ya kori ji. A unguwarmu shatin ruwa a jikin bango ya wuce kaina. Katifu da tabarmi a shanye kan katanga, warin laka da ruɓaɓɓen hatsi ko'ina, matasa da shebur suna kwashe taɓo daga masallaci.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Ina shiga gida, ko zama ban yi ba na ce, "An leƙa shago kuwa?" Uwargida ta dube ni ta ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Ba ka tambayi yadda muka fitar da Iya ba." Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe cikin dare, ruwa iya ƙirji, yaran maƙwabta ne suka goyi mahaifiyata, ita kuma ta ɗora auta a wuya, sauran na riƙe da zaninta. Kwana biyar suka yi a ajin makaranta. Duk ta ɓoye min a waya don kada hankalina ya tashi a hanya. Ranar ban je kasuwa ba, na zauna a tsakar gida ina saurare har aka kira magariba.

Washegari na je shago. Ku tuna kasuwar nan gobara ta cinye ta a Fabrairun 2023, ba mu gama miƙewa ba ruwa ya zo. Dilolin da ke ƙasa sun tafi, na saman kanta ne suka tsira. Amma abin da ya fi tsaya min a rai littafin bashi ne. Takardun sun manne sun zama kamar tuwo, suna da lissafi duk babu.

Nan na ga halin mutane. Wani dattijo tela ya zo da ƙafarsa ya ce, "Alhaji, turmi shida ne a kaina, ban manta ba. Kekena ya nutse, ka yi min haƙuri zuwa bayan azumi." Wasu kuma da sun hango ni sai su sake layi. Ban bi kowa ba tukuna, don wanda ɗakinsa bai bushe ba, da me zai biya ka? Ni ma maigidana na Kantin Kwari a Kano ya ɗaga min ƙafa. Ya ce ya san zafin abin tun ruwan da ya shiga kasuwarsu a 2022.

To 'yan uwa matafiya, ga abin da na koya da tsada. Duk Juma'a ka ɗauki hoton littafin bashinka da waya, ka tura wa uwargida ko babban ɗanka ta WhatsApp. Kaya kada su kwana a ƙasa da damina, a ɗora kan katako. Takardun gida da na makarantar yara a ƙulle su a leda a sa a sama. Kafin ka kama hanya ka bar kuɗin ko-ta-kwana a hannun iyali, ka riƙe lambar maƙwabta aƙalla biyu. Idan kuma ka dawo, fara da mutanen gidan.

Har yanzu Iya takan farka cikin dare ta ce a duba mata ko ruwa ne a bakin ƙofa. Ku sa ta a addu'a. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa kowa da alheri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.