Da Na Gaba Ake Gane Zurfin Ruwa

'Yan'uwa manoma, a Ƙofar Nassarawa mun tarar da yarinya ta koyi gyaran injin ban-ruwa da fitilar sola a makaranta, amma tana zaune gida. Iyayenta ba su yarda ta zauna shagon maza ba, ga shi ba ta san macen da za ta bi ba.

Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta nuna hanya: ta naɗa dattawan mata masu laƙabin jaji, suna koyar da matan ƙauyuka.

Shawararmu, kowace ƙungiya ta nemi mace gwanar sana'a, ta damƙa mata 'yan mata biyu, ta biya kuɗin mota. Ran da injinmu ya tsaya tsakiyar rani, 'yarmu ce za ta tashe shi.